Farfesa Mai Shinshina Kwalba

A ɗakin masu cutar daji, 'yar wani tsoho tana kallon Farfesa, gajeriyar mace mai furfura, ɗalibai na biye da ita. Da ganin Farfesar, ɓoye-ɓoyen majinyata ya sha ƙona mata rai.

Farfesa ta tsaya a gadon tsohon, ta miƙa hannu. "Baba, kawo na cikin aljihun. Ba faɗa zan yi ba."

Ya zaro kwalbar jiƙon da ko 'yarsa bai nuna wa ba. "Citta ce kawai."

Ta shinshina. "Sha abinka, amma maganinmu ba fashi." Ta juya ga ɗalibai tana murmushi. "Wanda ya nuna kwalbarsa ba ya guduwa daga asibiti."

Kafin ta rufe baki, na gadon kusa ya fara laluben ƙarƙashin matashinsa.