Hannuna a Ƙarƙashin Wuyan Malam Haruna

Ina durƙushe a bakin filin ƙwallo, ina naɗa wa wani ɗan wasa bandeji a idon sawu, na hango Nasiru, babban ɗan Malam Haruna, yana tahowa ba hula. Ya tsaya a kaina ya ce, "Yaya Bulus, Baba ya cika." Na ƙarasa ɗaurin, domin Malam bai taɓa yarda a bar ƙafar mutum a rabin aiki ba, sannan na zauna a ƙasa. Na daɗe da sanin wannan labari na tafe.

Duk wanda ya buga ƙwallo a Kafanchan ya san bencin Malam Haruna. A Kaduna ya koyi gashin ƙashi da gyaran jijiya, ya dawo ya kafa bencinsa a zauren gidansu, bayan kasuwa. A 1987 na je masa da ciwon da ke tasowa daga tsatsona ya sauka har dunduniya kamar waya mai zafi. Abokan wasana duk sun wuce Kaduna da Jos, ni kuwa ko zama ya gagare ni. Ranar da na je, gari ya rikice, aka kafa dokar hana fita. Ni Kirista ne, gidanmu kuma yana can ƙetaren layin dogo. Malam ya sa sakata a ƙofa ya ce, "Ba inda za ka. Ƙafarka ta ƙi tafiya, gari ma ya ƙi. Kwanta mu yi aiki."

A cikin zauren nan, muna jin hayaniya daga nesa, na fara ganin yadda yake aiki. Zai kwantar da ni rigingine, ya ɗaga ƙafata a hankali har inda zafin zai fara, ya tsaya. Sai ya lanƙwasa tafin zuwa sama, ya sake, ya kuma lanƙwasa. "Jijiya ba igiyar guga ba ce, Bulus," in ji shi. "Ba a fizgarta. Maƙalewa ta yi. Ka yi ta kai ta kana dawo da ita har ta saki don kanta." Ta saki kuwa, amma Malam bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Ƙwallo ta ƙare maka, sai dai kana da hannu." Ran nan na ji haushinsa ƙwarai. Da aka buɗe hanya na tafi gida, bayan mako na dawo da ƙafata in koyi aikin.

Yana da ƙa'ida guda da ba ya sassautawa. Kowace dabara sai ya fara yi maka ita a jikinka ka san yadda take, sannan ka yi ta a jikinsa. In ya ce ka iya, shi ke nan, kana iya taɓa ɗan wasa. Haka na koyi danna gaɓoɓin ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya, na koyi sakin jijiyar hannu da ta cinya. In na yi gaggawa sai ya ɗago kai daga benci ya ce, "Mai gida, jirgin ƙasan Fatakwal ne zai bar ka?" Mu yi dariya, in sake daga farko.

Wuya ne kawai ya rage. Ya yi mini a nawa, na ji yadda yake ɗan jan ƙeya ya juya kai kaɗan-kaɗan. Saura in yi a nasa. Kullum sai ya ce sai hannuna ya ƙara sanyi. Ana cikin haka yatsunsa suka fara mutuwa. Kofin shayi ya riƙa suɓuce masa. Likitoci a Jos suka ce ƙashin wuyansa ne ya zaizaye yana danne lakar da ke cikinsa. Sannu a hankali ƙafafu suka bi hannuwa, har mutumin da ya miƙar da rabin garin nan ya koma sai an juya shi a kan gado, hankalinsa kuwa garau.

Ni ma sai na maƙale tare da shi. Wata ƙungiya a Kaduna ta neme ni, na ce ba yanzu ba. 'Yan wasa na zuwa da wuya a sandare, in ce ba ni da izini. Mamata takan ce, "Wannan malamin naka ya ɗaure ka, ba ka tafi ba, ba ka gama ba." Gaskiya ta faɗa. Na ji tsoron ya mutu da izinin a bakinsa, na kuma ji kunyar wannan tsoro duk lokacin da na shiga gaishe shi.

Watan da ya wuce ya sa Nasiru ya kira ni. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya ce, "Zo ta kaina. Sa hannu. Yau za ka yi wuyan."

Na zura hannuwana ƙarƙashin ƙeyarsa. Abin da na yi shekaru ina jira ke nan, ga shi a tafina. Na bi gaɓoɓin da yatsa kamar yadda ya koya mini, na ji ba abin da ke riƙe da su sai ikon Allah.

"Juya mana," ya ce.

"Ba zan juya ba, Baba."

"Ni na sa ka. In ba ka yi yau ba, ba ka da wata rana."

Na san haka ne. Hawaye suka zubo mini, na ce, "Ko da zan mutu ban taɓa wuyan kowa ba, wannan ba na juyawa ba ne."

Ya lumshe ido. "To, ka iya. Juyawar tun tuni ka iya ta. Wannan nake jira in gani." Na zare hannuna a hankali, na gyara masa matashi.

Ranar jana'iza, da za a ɗauke shi daga gado zuwa wanka, matarsa Inna Lami ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, "Ku bar Bulus ya riƙe kan. Shi ya san wuyan." Ba wanda ya musa. Na tallafe shi har bakin ƙofa, ban bari ya karkata ba.

Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da alherin sakatar da ya sa a ƙofa domin ɗan wani. Allah ya ba Inna Lami da Nasiru da ƙannensa haƙuri, ya tsaya musu. Ya daɗe a ɗaure a gadon nan. Allah ya yalwata masa makwanci, ya warware masa duk abin da ya maƙale.