Goɗiyar da ta gagari kowa

Yau na ga wani doki mai farin goshi a Malumfashi, na tsaya ina ta murmushi ni kaɗai.

Ya tuna mini wata goɗiya da ta gagari kowa hawa, farkon samun 'yancin kai. Fatake masu kai dawaki Kudu don yanka har sun riƙe igiyarta, na tari mai ita.

"Baba, ka sallama?"

"Tukuna."

"To ni na saya!"

Rumbuna na buɗe na biya. Maƙwabcina Bamaguje, Tanko, ya bi gida-gida a garinmu Ƙarfi, kowa ya ba da damin harawa don ciyar da ita.

Har ta mutu ba ta yarda an hau ta ba. Amma ɗanta ne ya kai matata asibiti tana naƙuda.

Ku fa, wace dabba ta taɓa rama muku alheri?