Butar Ruwa da Buhun Gero

Washegarin Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata da ke aiki a Legas, ya ɗora talabijin da bidiyo a kan turmin da aka kife a zauren gidanmu, a wani ɗan ƙauye kusa da Nariya. Bayan azahar ne, ana zafin bazara. Aka toshe taga da buhu don hoto ya fito, janareto yana ta tari a ƙofar gida, ƙanshin suyar naman layya yana shigowa daga ciki. Maza suka baje a kan tabarmi, mata suka tsaya a ƙofar ciki suna leƙe, mu yara muka cushe a gaba. Kusa da ni akwai ƙawata Dudu, 'yar rugar da ke bayan gonarmu, wadda ta kawo nono kallo ya riƙe ta. Ita ta koya mini tatsa, ni kuma na koya mata waƙoƙin gaɗa, kuma a ƙwarya ɗaya muke shan fura.

Mu a saninmu, fim ba ya wuce tambaya biyu: wane ne jarumi, wane ne bos? Da an san wannan, sai a gyara zama. To wannan kaset ɗin ko kwali ba shi da shi, ba rawa ba waƙa, sai Turanci zalla, Turancin Kawu Sale kuwa na bakin tasha ne, abin da kawai yake cewa shi ne, "Ku dai ku kalla." Muka ga sojojin Turawa sun zo da manyan motoci unguwar baƙar fata, suna rushe gidaje, suna loda mutane da tukwanensu. Har mun fara tsine wa Turawa, sai ga wanda ke riƙe da bulala, ɗan sanda ne baƙi wuluk kamar mu. Zaure ya kaure. Wani ya ce umarni aka ba shi, wani ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ana cikin haka wani tsohon Bature ya fito daga gidansa da butar ruwa, ya bi matan da ke kan mota yana shayar da su, sannan ya koma ƙofarsa ya tsaya yana kallo. Kakata Iya ta ɗaga murya daga bayan ƙofa, "Allah ya yi maka albarka, bawan Allah!" Baba kuwa, mutumin da sai ya wuni bai yi magana goma ba, ya juyo ya ce, "Albarkar me, Iya? Ruwan ya hana a tashe su? Yarensu ɗaya da masu bindigar, ga baki, ya ƙi buɗewa. Ni a wurina ya fi mai bulalar laifi." Kafin a raba gardama bidiyon ya cinye zaren kaset ɗin, Kawu ya yi ta fama da biro a banza. Ba wanda ya ga ƙarshen fim ɗin, ni kuwa na tashi ban san jarumi ba, ban san bos ba.

Abin da muka rasa a zaure sai muka ƙarasa shi a gindin ɗorawa, wurin kiwon awaki. Yayana Ɗanlami ne mai rabon matsayi. Karan dawa ya zama bindiga, tsohuwar amalanke ta zama mota. Da aka zo neman Turawa, duk idanu suka koma kan Dudu, don fara ce, mai dogon hanci. Ta ce ita Bafulatana ce, Ɗanlami ya ce, "To wa ya fi ki fari a nan?" A ƙarshen da muka ƙirƙira, baƙaƙe ne ke cin nasara, su kori Turawa da jifan ƙwallon goruba. Da fari dariya take yi tana gudu. Amma sunan ya bi ta har bakin rijiya, ko nono ta ɗauko sai ka ji yara suna kiran Baturiya, ta fara sauke ƙwarya a ƙofar gida ta juya ba ta shigo ba. Nakan kara hannuna da nata in duba, in rasa abin da fatarta ta haɗa da masu rushe gidaje.

Da damina ta sauka, rigima ta taso a kan burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi. Shekara da shekaru gonaki suna cin ta kunya ɗaya-ɗaya, har da tamu, don ni da hannuna na shuka gyaɗa a inda dā kofato ke bi. Shanun rugar su Dudu suka rasa wurin wucewa, suka faɗa dawar wani maƙwabcinmu. Manya suka yi taro, aka yanke cewa rugar ta tashi bayan kaka. Baba yana wurin. Shi da Malam Buba, mahaifin Dudu, aminai ne tun suna samari, shi ya ba su kara, su su bar masa taki. Ɗanlami, wanda ya laɓe a bayan danga, ya rantse mini cewa har aka shafa fatiha Baba bai ce uffan ba. Na ƙi yarda, na ce ƙarya yake yi, don da kunnena na ji abin da Baba ya faɗa a zaure.

Ranar tashinsu, da hantsi, Baba ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya loda musu tabarmi da ƙore, ya ɗora buhun gero daga rumbunmu, ya ce zai raka su har titin Rano. Iya ta tsaya a ƙofar zaure ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Kalmomin nan dai, da muryar nan dai. Kaina ya ɗaure tamau. Na ruga madafa na tambayi Inna, mahaifiyata, ko gero ya fi ruwa ne, ta ce maganar manya ce, in je in tsince wake. Na fita waje. Dudu tana bayan maruƙa da sandarta, ta tsaya daidai inda nake, ta ce, "Hansai, to yanzu wane ne Baturen?" Ba da faɗa ta faɗa ba, tambaya ce tsakani da Allah, irin wadda muke yi a farkon fim. Na dubi Baba yana ɗaure igiya, gumi yana zuba a baƙar fuskarsa, idonsa ya yi ja. Maruƙan suka yi gaba, ta bi su.

Baba ya rasu ban taɓa tambayarsa ba. Kowa ya shaide shi da kirki, kuma gaskiya ne, ina ƙaunarsa har gobe, wannan ne ma ya sa abin ya ƙi warwaruwa a raina. Yanzu 'ya'yana a waya suke kallo, da fassarar Hausa, mai fassara ya gaya musu mugu tun kafin ya buɗe baki, su kwanta hankalinsu kwance. Burtalin nan ya zama gonar masara, ba wanda zai ce saniya ta taɓa bi ta wurin. Ni kuwa duk mai tallan nonon da ta wuce ta ƙofar gidana a Rano sai na leƙa fuskarta. Ina so in ga Dudu, ina kuma tsoro, don har yau ban sami abin da zan ce mata ba.