Manhajar da Ta Kusa Hana Ƙanwata Kalanda

Kwamfutar shagona a Bagudo daga tsallake na sayo ta, hannun wani ɗan Benin, shi ya sa har yau da Faransanci take yi mini magana. Ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Mun dai saba, ta yi surutunta, in danna inda na saba dannawa.

Ana gobe ɗaurin auren ƙanwata, kwamfutar ta ce wai ta cika. Ta ƙi karɓar hotunan amarya, ga kalandar biki ban buga ba, dangin ango kuma da sassafe za su iso daga Kaoje su karɓi tasu. A wajenmu amaryar da aka kai ba kalanda, gori za ta sha a gidan miji har ta yi jika.

Sai na hau gogewa, kuma wallahi daɗi na ji. Ƙanwata na zaune kan benci, hannu da ƙafa duk lalle, ba abin da ke aiki sai baki. In karanto suna da karyayyen Faransanci, ta ce, "A kore shi," in kore shi, mu fashe da dariya. Wasannin da ɗan Benin ya bari, taswirar garin da ban taɓa zuwa ba, duk muka sallame su.

Muka iso kan wata manhaja mai dogon suna da lambobi a wutsiya. Ban taɓa buɗe ta ba, ga ta da cin wuri.

"Wagga fa, Yaya, aikin mi take yi?"

"Zaman banza."

"To a kore ta."

Yatsana na kan maɓalli na tsaya. Akwai manhajojin da ba ka ganin aikinsu, wasu ne ke zama a kansu su yi aiki, kamar tukunya da murhu. In wannan irinsu ce na goge, sauko da wata a ranar ba zai yiwu ba, don sabis ɗin unguwarmu sai ya ga dama yake zuwa.

Na ce bari mu gwada ta tukuna. Na nemo foldar da take ciki na sauya mata suna kawai, yadda duk mai nemanta ba zai gan ta ba. Sannan na bi sauran ina buɗewa. Ta rubutu ta buɗe lafiya. Ta sauraron waƙa ma haka. Ina danna ta haɗa kalanda, sai ga jan akwati ya fito yana zazzaga Faransanci, da dogon sunan nan a tsakiyarsa.

Ni da girmana na miƙe na taka rawa a tsakar shago. Ƙanwata ta ɗaga hannuwa sama tana dariya har da hawaye, tana roƙona in bari kada lallenta ya lalace.

Na mayar wa foldar sunanta, manhajar kalanda ta buɗe kamar ba ita ba. Bidiyon kokawata na sadaukar, wuri ya samu.

Kafin la'asar firinta ta fara fitar da kalanda. Ta farko ni na riƙe mata, tunda hannunta bai bushe ba. Ta daɗe tana kallon fuskarta kusa da ta angon, dariyar ta tafi.

"Yaya, ka manna guda cikin shagon ga, inda za ka riƙa ganina."

A nan na san da gaske tafiya za ta yi, kuma ban so ba. Na ce mata to, na juya mata baya ina neman gam.