Wadda Ta San Ƙofar Da Za A Ƙwanƙwasa

Raina aikin da ba ya ƙara, shi ne laifin da zan yi magana a kai, kuma mai laifin ya san kansa.

Wadda aka yi wa laifin 'yar ƙanwata ce. Shekara goma sha ɗaya tana abu guda: ta dawo daga wurin aikinta da yamma, ta ajiye jaka, ta zauna gaban kwamfuta a ɗakin da ke jikin nawa, shayinta na hucewa a gefe. Akwai wata manhaja ta kyauta da ƙananan shagunan magani ke amfani da ita don sanin ranar da magani zai lalace. Ba ta kamfani ba ce. Mutane ne daga ƙasashe barkatai suka haɗa hannu, kowa da ɓangaren da yake kula da shi. In abu ya ɓaci, masu shago su aiko ƙorafi, ita ta karanta, ta miƙa wa wanda ya dace. Ba mai biyanta.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na yi gadi shekara talatin, na san sunan da ke jikin ƙofa daban, mutumin da ke cikin ofis daban. Ita ma ta sani. Ta san wanda aka yi wa haihuwa ya ɗan ja baya, da wanda ya yi zuciya ya tafi, da wanda sai an tuna masa sau biyu.

Sai aka naɗa musu sabon shugaba, Injiniya suke ce masa. Ya zo da wani tsari mai tura ƙorafi da kansa: ya ƙirga wanda ya fi yawan rubutu a kowane ɓangare, ya aika masa. Ta kira shi, ina zaune. Ta ce, "Injiniya, tsarin ba laifi, amma bar ni in riƙa bin bayansa. Wanda ya fi rubutu a ɓangaren kwanan wata ya rasu bara."

Ya ce, "Malama, ai na'ura ba ta san son kai ba. Ki je ki huta, kin yi ƙoƙari." Washegari ya cire sunanta daga cikin masu kula da manhajar. Ko na gode babu.

Na ce mata, "Bar masa kayansa."

Ta ce, "Kawu, ai gaba ta kai ni. Yau zan sha shayina da zafi." Dariya take yi, amma na ga idonta.

Ba a yi wata biyu ba wata mai shago ta aiko ƙorafi: manhajar na nuna maganin yara da wa'adinsa ya wuce a matsayin mai kyau. Tsarin ya tura wa mamaci. Kwana arba'in da ɗaya saƙon na kwance a akwatin da babu mai buɗewa, kwalabe na kan kanta, iyaye na shigowa saye. Da mai shagon ta gaji da jira, sai ta lalubo tsohon adireshin 'yar tawa.

'Yata, ke ce ba ki ce "ai an sallame ni" ba. Ke ce kika san wadda ta gaji ɓangaren, wata mai shiru-shiru da rubutunta bai taka kara ya karya ba, shi ya sa na'ura ba ta gan ta ba, kika miƙa mata saƙon. Kafin rana ta faɗi an gyara, an sanar da shaguna su duba kayansu. Mai haɗa mai kuka da mai magani, Allah ya saka miki. Ku kuma masu irin wannan aiki, ku yi koyi da ita: kafin ku aika saƙo, ku tabbata akwai mai numfashi a can.

Injiniya kuwa, ga abin da ya girba. Shago ashirin da uku sun bar manhajar. Mutum shida cikin masu kula da ita sun ajiye aiki. An karɓe kujerarsa a zaman farko da sauran suka yi, aka mayar da sunan 'yar tawa, ta koma bakin aikinta. Ya aiko mata saƙon ban-haƙuri har huɗu. Ba ta amsa ko ɗaya ba, ni na hana.