Im Tanyus da Kwalabenta Shida

Ƙarfe biyar da rabi na safe, kafin a kaɗa ƙararrawar farko a cocin unguwa, Im Tanyus ta riga ta sauka matakala arba'in da ɗaya zuwa cikin kogo. Ba ta shan gahawa sai ta fito. Ba ta shafa turare. Ba ta cin tafarnuwa daga Litinin zuwa Asabar, kuma duk wanda ya san girkin mutanen Zahle ta ƙasar Labanan ya san wannan ya fi azumi wuya. Sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen kai a hannun dama, buta a hagu, alli a bayan kunne.

Ganguna sittin ne a jere, duka na itacen ok, cike da farin ruwan inabin nan na Shardone da gidan Hawaja (wato maigida) Iskandar ke tinƙaho da shi. Takan bi su ɗai-ɗai. Ta zare toshiya, ta kara kunne ta ji ko yana 'yar ƙarar nan tasa, kamar ana soya ƙwai a gidan maƙwabta. Ta zura sanda ta motsa lakar da ta kwanta a gindi, domin lakar ce ke ba shi kauri da ƙamshin man shanu. Ta cika abin da itace ya shanye, kada iska ta sami wurin zama. Sannan ta kurɓa, ta juya a baki, ta tofar, ta yi wa gangar alama da alli. Shekara talatin tana wannan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye sandar.

Ku ɗauki kwalbar gidan Iskandar ku duba. Akwai hoton kakan masu gidan da gashin bakinsa. Akwai sa hannun wani masani da ke zuwa daga Faransa sau biyu a shekara, ya kwana uku, ya ci gasasshen nama ya koma. Akwai ma sunan kamfanin da ya buga takardar. Sunan Nazha, matar marigayi Jiryis, uwar Tanyus, wato Im Tanyus, ba ya ko'ina. Abin nan yana ba ni haushi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Al'adar gidan ce tun zamanin tsohon Hawaja: ranar da aka gama ɗura na shekara a kwalabe, kowane ma'aikaci a ba shi shida. Yawanci ba sa kaiwa bikin Ista. Abu Milhim, direban tarakta, wanda suka fara aiki wata ɗaya da ita, nasa ba su taɓa ganin Lahadi biyu ba. Ita kuwa sai ta naɗe nata a buhu, ta kai gida, ta sauke su cikin tsohuwar rijiyar da ta ƙafe a ƙarƙashin ɗakin girkinta, inda sanyin dutse ba ya canjawa rani da hunturu. Kowace kwalba ta rubuta mata ranarta. Ta farko bayan shekara biyar, ta biyu bayan goma, haka har ta shida bayan talatin. Ranar idin waliyya Barbara, a farkon Disamba, bayan an ci dafaffiyar alkama, takan buɗe waɗanda lokacinsu ya yi, ta zauna ta saurari abin da shekaru suka yi musu.

Unguwa ta kira wannan rowa. Ranar auren Tanyus, kafin ya tafi Kano kasuwanci, surukai suka yi ta leƙen bakin rijiya.

Abu Milhim ya ce, "Im Tanyus, ɗa guda gare ki a duniya. Ko ɗaya ba za ki fito mana da ita ba?"

Ta ce, "Ga giyar arak can kamar kogi. Je ka nutse."

"Wallahi ranar da kika mutu, ni zan fara sauka rijiyar nan."

"Ka ga kuwa ka sami dalilin daɗewa a duniya. Ka gode mini."

Im Tanyus, ke ce kika sha wannan ba'a shekara da shekaru, ba ki tsaya yi wa kowa bayani ba. Ba rowa kike ba. Karatu kike, a makarantar da darasi ɗaya ke ɗaukar shekara biyar.

Da tsohon Hawaja ya rasu, ɗansa Gassan ya karɓi gida. Yaron kirki ne, kada a ce na ci zarafinsa. Amma ya ga yadda ake yi a ƙasashen waje, sai ya gina ɗakin gilashi a sama domin baƙi, da na'urar sanyi da fitilu, ya sa aka kwaso duk tsofaffin kwalaben gidan daga kogo aka jera a ciki don a riƙa ɗaukar hoto. Im Tanyus ta ce masa kogo ba ya bukatar wayar lantarki. Ya yi dariya ya sumbaci goshinta. Sai ga ranin nan da wuta ta ɗauke a duk ƙasar, man janareta ya zama sai wane da wane. Wata uku ɗakin gilashi yana tafasa. Kwalaben ba su fashe ba, takardunsu ba su yi komai ba, don haka babu wanda ya kula.

A farkon hunturun bana Gassan ya zauna ya buɗe na shekara goma, na sha biyar, na ashirin. Duka launin shayi, duka warin ruɓaɓɓen tuffa. Nan take ya yanke hukunci: za a tuge Gonar Tudu, inda itatuwan Shardone suke tun shekarar da aka daina yaƙin basasa, a dasa irin da ake matsewa a kaka a shanye a bakin teku kafin rani ya wuce. Ganguna kuma a sayar wa masu shuka furanni. Aka ce wa Abu Milhim ya shirya tarakta ranar Litinin.

Gonar nan, Im Tanyus da Jiryis suna cikin waɗanda suka haƙa ramukanta da hannu. Ranar Juma'a ta hau ofis da sandarta, ba ta ko goge takalmi ba.

"Hawaja Gassan."

Da ya ji "Hawaja" a bakinta ya san akwai magana, domin ita ta taɓa ciro shi daga kwandon inabi yana ɗan shekara uku, kuma "ɗana" take ce masa.

"Im Tanyus, zauna mana."

"Ƙafafuna ba su kawo ƙara ba. An ce Litinin za ka tuge."

"Na ɗanɗana da bakina. Ƙasarmu zafi gare ta. Farinmu ba ya tsufa, mutuwa yake. Mutum arba'in ke ci a gidan nan, ba zan riƙa ɗaure musu abinci a ganga saboda abin da ba ya kai labari ba."

"Ruwa ba ya tsami banza. Ka bar madara a rana wata uku, ka dawo kana zagin saniya."

"To da me zan gwada? Tsofaffin gidan ke nan duka, babu wasu."

"Gobe ƙarfe goma, a kogo. Kada ka sha taba. Kada ka shafa abin nan da ke sa ka ƙamshin shagon aski."

Kwalabe shida ne lokacinsu ya yi a bana. Biyar ba su dame ta ba. Ta shidan ce ta tsaya mata a rai: ita ce ta ƙarshe daga shekarar farko, wadda Jiryis ya toshe da hannunsa, kuma ta yi wa Tanyus alkawarin ba za ta buɗe ba sai ya zo Kirsimeti sun zauna tare. Ta daɗe a bakin rijiya da igiya a hannu. Ta san idan ta kawo biyar, yaron zai ce ta ɓoye wadda za ta ba ta kunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ciro duka shida.

Abu Milhim ne ya ɗauko su a bayan mota, yana tafiya a hankali kamar mai kai amarya, kuma shi ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Su uku a kogo, ganga ɗaya a kife a matsayin tebur, gurasa ba gishiri, kyandir guda.

Ta shekara biyar ta fito da launin kara, da ƙamshin lemo da itace. Gassan ya ɗaga kafaɗa. Wannan ai ya san ta.

Ta ce, "Yarinya ce. Itace ke magana, ita ba ta fara ba."

Ta goma ta yi zinariya. Ta sha biyar ta sa ya daina duba wayarsa. Da aka zo ta ashirin, ya kai hanci, ya tsaya. Zuma, gasasshen almon, busasshen ɗan itacen mishmish, kauri kamar man shanu a kan gurasa mai zafi, sannan wani siririn tsami a ƙarƙashi yana riƙe da komai a tsaye. Ya kurɓa, ya nemi bokitin tofarwa, sai ya ga ashe ya haɗiye.

Ya ce, "Daga ina kika samo wannan?"

"Daga gonar da za ka tuge jibi."

Abu Milhim ya miƙa kofi. "Ƙara mini, ban ji da kyau ba."

"Kai ba ji ka zo yi ba, shaida ka zo yi. Janye hannunka."

Ta ashirin da biyar ta fi natsuwa, ƙamshinta sai an jira shi, amma yana nan, kuma ya daɗe a baki bayan an ajiye kofi. Kunnuwan Gassan sun yi ja.

Sai ta talatin. Toshiyar ta marmashe a hannunta. Ta tsiyaya a gaban kyandir, ta ga launin, tun kafin ta kai hanci ta san labari. Gassan ma ya sani. Amma ya san wanda ya toshe kwalbar, sai tausayi ya kama shi.

Ya ce, "Kai, wannan ma tana da kyau. Tana da... zurfi."

Ta dube shi. "Ɗana, kada ka yi mini ƙarya saboda ladabi. Wannan ta mutu." Ta juye kofinta a magudana, ta ɗauki kwalbar ta bi ta da ita har ɗigon ƙarshe. "Ta kai ashirin da biyar da ƙafarta, na sha 'yar'uwarta shekara biyar da suka wuce, tana lafiya. Talatin ta fi ƙarfinta. Yanzu ka san iyakar gonarka, ni ma yau na sani. Naka na sama kuwa ba tsufa ya kashe su ba, kai ka dafa su. In za ka tuge, ka tuge, gonar ubanka ce. Amma kada ka ce ita ta gaza."

Abu Milhim ya ce shi a nan ne ya juya baya yana gyaran hular da ba ta karkace ba.

Ke ce kika zubar da abin da kika fi so a gaban wanda kike son rinjaya, don kada gaskiyar sauran biyar ta gurɓata. Da kin karɓi yabon ƙaryar nan, da ya fita yana cewa tsohuwa ce aka lallashe ta. Kin hana shi wannan mafaka. Uwar ganguna, wannan ba kowa ke iyawa ba.

Ranar Litinin tarakta ta hau tudu, amma taki ta kai. Ɗakin gilashi yanzu zaitun da sabulu ake sayarwa a ciki. Da Im Tanyus ta buga wa ɗanta waya ta faɗa masa, sai ya ce babansa ma da haka zai yi, sai dai shi da ya shanye matacciyar don kada a yi asara. Ta yi dariya har ta share hawaye.

Takardar kwalba ba ta canja ba. Gashin bakin kaka yana nan, sa hannun baƙo yana nan. Gassan ya tambaye ta abin da take so na sallama, ta ce a bar sandar a hannun wanda ba ya sauri, kuma kada a sake fitar da tsoho daga kogo don a ɗauke shi hoto.

Mun gode, Im Tanyus. Mun gode da matakala arba'in da ɗaya sau dubbai, da gahawar da kika jinkirta, da tafarnuwar da kika haƙura. Ku kuma masu aiki a ƙarƙashin sunan wani, a kogo ko a bayan kanti ko a gindin injin, ku koyi abu biyu a wurin matar nan: ku san aikinku har ya zama ba a iya musa muku, sannan ranar da za a yi ɓarna ku hau ofis da takalminku na aiki ku faɗa. Masu gida kuma, kafin ku kira tarakta, ku sauka ƙasa ku tambayi mai alli a kunne.

Makon jiya aka ɗura na bara, aka ba ta shidanta na ƙarshe. Shekararta sittin da takwas. Ta zauna a kan matakala tana rubuta musu ranaku kamar kullum, biyar, goma, har talatin. Abu Milhim ya leƙa ta kafaɗarta, ya ƙirga da yatsu.

"Im Tanyus, ta shidan nan wa zai sha?"

Ba ta ɗago ba. Ta hure garin alli daga jikin kwalbar.

"Ni. In kana nan, ka zo da kofinka."