Ginin da Muka Juya Saboda Alƙibla

Zamanin mulkin soja, bayan fari ya gama da shanunmu, aka ce za a gina gidan binciken hatsi a bayan Filinge, kan hanyar Abala. Wai gida ne da za a riƙa renon tsiron hatsi cikin kwalabe, a haɗa wannan iri da wancan, har a samo wanda zai nuna ko da sama ta yi rowar ruwa. Kurfayawa, mutanen yankinmu na Kurfai, waɗanda suka gaji noman hatsi tun kaka da kakanni, suka ji za a zo a koya musu shi cikin kwalba, suka ce Allah ya sa alheri. A wancan zamanin dama ba a cewa komai sai haka.

Ni aka ɗora wa riƙon takardun zanen ginin. Ban daɗe da fitowa daga lakwal ɗin koyon gini ta Yamai ba, ina da mata da 'ya ɗaya, ina da alƙalamin bik uku a aljihun gaba, ina jin duk Kurfai babu kamata. Babban maginin shantiye, wato wurin aikin, kuwa kawuna ne, wan innata. Ya haura sittin, bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma rabin shagunan kasuwa da masallatai da dama hannunsa ne. In ya tsaya ya karkata kai ya dubi bango, to a rushe kawai, ba sai an ɗauko ma'auni ba. Ɗan lakwal yake kirana, kuma ba yabo ba ne.

A kanmu akwai wani soja da aka turo daga Yamai don ya tsare aikin. Kafiten muke ce masa. Zanen ya zo ne daga ƙasar Turawan da suka ba da taimakon, kowane shafi da jan hatimi, kuma wanda ya zana shi ko a mafarki bai taɓa ganin ƙasarmu ba. Dokar Kafiten ɗaya ce: layi ɗaya ba ya motsawa. Mun ga abin da take nufi tun a ɗakin ajiya, wanda muka fara ginawa. Kafinta ya lura katakon ƙofa irin mai laushin nan ne da gara ke so, sai ya ɗaga shi daga ƙasa da faɗin tafi. Kafiten ya zo da tef ɗinsa, ya auna, ya ga bambanci. A gabanmu aka yi wa kafinta aski ba ruwa, ya kwana bakwai a kaso. Daga ranar, da zane ya ce a gina murhun ɗumama ɗaki, muka gina shi da kyau, har da bututun hayaƙi, a garin da ƙwai ke iya dahuwa a kan rairayi.

Ranar da za mu kafa turakun babban ginin, na shimfiɗa takarda a ƙasa, na danne ta da duwatsu, ina nuna wa kawu da tsinke. Nan ofisoshi, nan ɗakin ajiyar iri, nan ɗakin gilashi inda tsiro zai zauna, a gefen arewa don haske ya shiga ba tare da zafin rana ba. Nan kuma makewayi shida a jere.

Kawu ya duƙa a kan zanen makewayin, ya daɗe.

"Wanda yaz zamna nan, ina yaka dubi?"

Na bi layin da tsinke, na ɗaga kai, na ga inda rana ke fitowa. Gabas ne sak, alƙibla.

"Ɗan lakwal, ni ba ni gina ma Musulmi wurin da za shi tsuguna shi ba alƙibla gaba. In na mutu ni za a tambaya, ba Kafiten ba."

Na ce masa bututan sun zo da lambobinsu, ramukan an zana su, juya makewayi ɗaya ma sai an motsa layi goma. Na tuna masa da kan kafinta. Sai ya sa yatsa a kan wata 'yar kibiya da ke kusurwar takardar.

"Wagga kibiya, ta mi ta?"

"Arewa take nunawa, kawu."

"Ana gina ta?"

"A'a."

"Kafiten shina auna ta da tef?"

"Ba a auna ta."

"To, abin da ba a ginawa ba aikin magini ba na."

Ya kama takardar da hannu biyu, ya juya ta a kan ƙasa, ya mayar da duwatsun. Duk layukan suna nan yadda Bature ya zana su, ko ɗaya bai motsa ba, ginin ne gaba ɗaya ya juya. Ba a iya juya shi baya da gaba, don ba wa alƙibla baya ma haramun ne, dole sai dai ta gefe. In aka juya ta dama, gilashin zai fuskanci gabas, inda hadari ke tasowa, kuma babu maginin Kurfai da zai miƙa wa iskar damina fuska. Sai aka juya ta hagu, gilashin ya koma yamma.

Zan so in ce na hana, amma ban hana ba. Dabarar ta burge ni, har dariya na yi. Ni na riƙe bakin igiya, ni na buga turke na farko, ni kuma na sa hannu a takardar da ta ce an kafa gini daidai da zane. Na san sarai abin da ɗakin gilashi yake nema. Na dai ce wa kaina ai tsiron hatsi ɗan rana ne.

Kowace Alhamis sai Kafiten ya zo da tef. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ƙirga tagogi, ya leƙa bututun hayaƙi, komai ya fito cif. Bai taɓa ɗaga kai ya dubi rana ba, don rana ba ta cikin jerin abubuwan da aka ce ya duba. Ya sa hannu, ya yaba, har ya ce da duk ƙasar za ta bi doka kamar shantiyen nan da an ci gaba. A lokacin kuwa babu wanda bai san labarin ba. Masu sayar da goro sun sani, 'yan garin Tabla da ke zuwa cin kasuwa sun sani, tsofaffi na tare kawu a ƙofar masallaci suna sa masa albarka. Asiri ne da gari guda ya riƙe wa mutum ɗaya.

Aka yi bikin buɗewa da kalangu da guɗa. An shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, Kafiten ya yanke ƙyalle, manyan baƙi suka zaga suna gyaɗa kai gaban murhun ɗumama ɗaki. Mutanen gari kuma suka yi layi wajen makewayi, kowa ya leƙa ya fito yana murmushi.

Bayan biki wata Baturiya mai binciken tsiro ta iso da akwatunan kwalabe. Madam muke kiranta. Mace ce mai aiki, ba ta da raini, ta bi ƙauyuka da kanta tana roƙon manoma zangarniyar irinsu. Ta jera tsiron a ɗakin gilashi, ɗaruruwa, kowanne da takardarsa. Da safe ɗakin lafiya lau. Daga azahar rana ta leƙo, kafin la'asar ya zama tanderu. Cikin mako uku tsiron ya yi rawaya, ya kwanta cikin kwalabensa. Ta sake shuka wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Wata la'asar na same ta tsaye a ɗakin, zufa ta jiƙa mata riga, takardar zane a hannunta. Ta dubi kibiya, ta dubi rana da ke dukan fuskarta, ta dube ni. Ta yi mini tambaya da Faransanci mai sauƙi, wanda ko ɗan aji uku zai gane. Na ce ban ji sosai ba.

Na je na gaya wa kawu. Ko a jikinsa.

"Ai wanga ba ciwo ba na. A kahwa rumhwa daga yamma, a jera zana, a dasa icen bedi bayanta. Kwana biyu na gama."

Na kai wa Kafiten shawarar, ban faɗi dalilinta ba. Ya buɗe zane shafi shafi, ya ce in nuna masa zana. Ban nuna ba, aka bar maganar.

Madam ta rubuta rahoto zuwa ƙasarsu. Ba na jin da mugunta ta yi, tsironta ne ke mutuwa. Rahoton ya je can, ya dawo Yamai, daga Yamai aka turo mutum uku su bincika. Ranar farko suka ci rago. Rana ta biyu ɗayansu, wanda ya fi su sanin aikin gwamnati, ya kawo shawara a goge kibiyar a sake zana ta daidai da ginin, kowa ya huta. Sun kusa amincewa, sai Madam ta ce ko an goge, tsiron zai ci gaba da mutuwa. Suka ji haushinta ƙwarai. Tunda ba a iya gyara takarda, ba a kuma iya ɗaga gini, sai aka koma neman mutum. Kafiten ya sa hannu sau da yawa a kan cewa komai daidai ne, saboda haka ba zai yiwu ya zama shi ba. Saura ni da kawu.

Aka kira mu ofis tare. Kawu ya cire takalmi a bakin ƙofa ya zauna a ƙasa, ni aka ba ni kujera. Babbansu ya ɗaga takardar kafa turaku, ya nuna mini sa hannuna.

"Kai ka yi karatu. Ka nuna wa tsohon nan inda arewa take, ko ba ka nuna ba?"

Na tuna aski ba ruwa. Na tuna matata da 'yata, da bik ɗina uku. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

"Na nuna masa, ranka ya daɗe."

Gaskiya na faɗa. Saura igiyar da na riƙe, da turken da na buga, da dariyar da na yi. Suka jira ko zan ƙara wani abu, na rufe bakina. Kawu ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, sannan ya mayar da ido kan yatsun ƙafarsa.

"Ya nuna min," in ji shi. "Ni na juya."

Wata huɗu ya yi a kaso. Innata ba ta zage ni ba, ta dai daina cin abincin da ya fito daga gidana. Ni kuwa aka yaba mini da faɗin gaskiya, aka ƙara mini girma. Aka yi odar wasu labulen ƙarfe daga Turai don tare rana, waɗanda har yau suna hanya. Mai gadi ne ya gaji da ganin Madam tana kuka a kan kwalabe, ya jingina tsofaffin zana uku a jikin gilashin, tsiron ya miƙe. Babu wanda ya ga zanar, don ba sa cikin zane.

A watan kawu na biyu a kaso aka fito da shi da rana, soja na biye da shi, aka kai shi gidan da Kafiten ke zaune. Sabuwar salga ake so a bayan gida. Wanda ya raka shi ne ya ba ni labari daga baya. Wai Kafiten ya ja kawu gefe, ya rage murya, ya ce, "Baba, ka dai lura da alƙibla."

Soja suka tafi, farar hula suka zo, sojan suka sake dawowa, suka sake tafiya. Turawan taimako suka naɗe kayansu. Ginin yana nan, gilashin ya farfashe, makewayin ne kawai ba su taɓa rasa masu zuwa ba. Kawu ya fito ya rame, ya koma aikinsa. Na je gaishe shi da goro da turmin yadi, na fara kame-kamen ba da haƙuri, ya tare ni.

"Wuce nan, ɗan lakwal. Abin da Allah yar rubuta na. Ƙaƙa iyali?"

Muka ci gaba da gaisawa kamar da. Ya zo sunan 'ya'yana, na je ta'aziyyar matarsa. Har na fara yarda cewa maganar ta mutu, don haka nake so.

Shekaru bayan haka na sami fili zan gina gidan kaina. A danginmu babu wanda ya taɓa ɗora tubali ba kawu ne ya aza na farko ba. Na je har gida na durƙusa na roƙe shi. Ya zo ranar da aka sa, ya zauna a inuwa, ya yi addu'a mai tsawo, ya sa albarka. Da aka miƙo masa tubalin, sai ya dubi hannayensa.

"Hannun ga sun gaji, ɗana. Na bar gini. Nemi wani shi aza maka."

Na yarda da shi, har tausayinsa na ji. Wani magini ya aza, aka ci gaba da aiki.

Ranar kasuwa ta mako mai zuwa na bi ta bayan unguwar mahauta. Can na hango shi a kan tsani, ya naɗe hannun riga, yana ɗora wa wani Bazabarme mai sayar da itace katanga, tubali bayan tubali, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ya gan ni. Ya ɗaga mini hannu da fara'a, ya tambayi lafiyar yara, ya juya ya karɓi wani tubalin.